Mizanin Shari'a Tsakanin Cuta da Illar Magani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam da jiki da ruhi, Ya ƙawata shi da hankali, Ya kuma sanya lafiya amana a wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata matsala da ta addabi gidajen Musulmi da yawa, amma kunya da tsoron bakin mutane sun hana a tattauna ta a sarari. Watau matsalar mutumin da likita ya ɗora a kan maganin ciwon damuwa mai tsanani, ya sha ya sami sauƙi, amma kuma maganin ya zo masa da wata wahala tasa: ko rawar hannu, ko ƙishirwa da yawan fitsari, ko nauyin barci, ko ƙiba. Daga nan sai waswasi ya shigo. Wani ya ce masa maganin Nasara ba ya warkar da ciwon zuciya, wani ya ce rashin tawakkali ne, wani kuma ya ce ai tun da ya warke ya jefar da ƙwayoyin ya huta. Wannan fili na wannan mako zai duba abin da Shari'a ta tanadar wa mai irin wannan hali.

Ciwon da ake magana a kansa

Lalle ne a bambanta baƙin ciki na al'ada da ciwo. Baƙin ciki na al'ada ba ya barin kowa, har annabawa. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Yaƙubu a cikin Suratu Yusuf, yadda idanunsa suka yi fari sabo da baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu kuwa, malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Ke nan damuwa ba ta nuna raunin imani.

Amma akwai wata damuwa wadda ta zarce wannan. Mai ita yakan kwana makonni ko watanni ba ya jin daɗin kome, abinci ya fita daga ransa, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, har ta kai wani ga tunanin halaka kansa. A cikin masu wannan ciwo akwai waɗanda nasu ke da fuska biyu. Bayan kwanakin ƙunci sai su shiga kwanakin zumuɗi, su daina barci, su yi ta magana ba tsayawa, su rabar da dukiya, su ƙulla ciniki ko aure ba tare da tunani ba, sa'an nan su sake faɗawa cikin ƙunci da nadama. Likitoci suna kiran wannan baifola, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a duniya. Irin waɗannan ne aka fi ba magungunan daidaita hali, watau masu hana zuciya yin sama da yawa ko ƙasa da yawa. Wani lokaci kuma akan ƙara su ga mai damuwar da ta ƙi jin magungunan farko.

Malaman Musulunci na farko sun san wannan bambanci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bayyana a cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa akwai baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, akwai kuma wanda ke afka wa mutum ba dalili bayyananne, wanda tushensa na cikin jiki ne, kuma yana bukatar maganin likita. A birnin Ƙairawan kuwa, garin Ibn Abi Zaid mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, wani likita mai suna Ishaƙ bin Imran ya wallafa littafi sukutum a kan wannan ciwo tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ma ya yi wallafe-wallafe a kan ilmin magani duk da nauyin mulki da ke kansa. Sabo da haka neman magani gado ne na Musulmi tun asali.

Hukuncin neman magani

Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa kowace cuta Allah Ya saukar, Ya saukar da maganinta. Ya tabbata kuma daga Nana A'isha cewa ya yabi talbina, wani kunu na garin sha'ir, da cewa tana kwantar da zuciyar maras lafiya, tana rage baƙin ciki. A nan akwai dalili bayyananne cewa abin da ake ci ko sha yana iya taɓa halin zuciya da izinin Allah. Game da tawakkali kuwa, labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah ya isa hujja. Haka nan Sayyidina Umar, da ya sami labarin annoba a ƙasar Sham, ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ja da shi cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a shekarar 1992, ta kasa hukuncin neman magani kashi huɗu. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa, ko kuma cutar mai yaɗuwa ce. Yana zama mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki kurum. Yana zama halal idan babu ɗayan waɗannan. Yana kuma zama makaruhi idan ana tsoron abin da zai haifar ya fi cutar da ake son kawarwa muni. Wanda ya lura zai ga cewa hukuncin duka ya rataya ne a kan awo, watau a ɗora cuta a gefe guda na mizani, a ɗora illar magani a ɗaya gefen, a ga wanda ya rinjaya.

Wannan awo kuwa Alƙur'ani ne ya koyar da shi. A cikin Suratul Kahfi, bawan Allah da Annabi Musa ya bi ya huda jirgin wasu miskinai, abin da a zahiri ɓarna ce, amma ya yi haka ne domin wani sarki azzalumi da ke ƙwace duk jirgi mai lafiya. Ƙaramin lahani ya tserar da jirgin gaba ɗaya. Haka nan da wani balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci, Annabi ya hana a katse shi, ya sa aka zuba ruwa a wurin bayan ya gama, domin korarsa da ƙarfi za ta cutar da shi ta kuma yaɗa najasar. Daga irin waɗannan dalilai malaman Usulu suka fitar da ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya, to sai a ɗauki mafi sauƙi a kauce wa mafi girma. Suka kuma fitar da 'yar'uwarta, cewa ba a gusar da cuta da cuta irinta ko wadda ta fi ta.

Wasu sukan kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya wadda ta zaɓi haƙuri bisa alkawarin Aljanna. Amsa ita ce, wahalar wannan baiwar Allah ta tsaya a kanta, hankalinta kuma na nan da shi ta yi zaɓinta. Ciwon da ke iya kai mutum ga kashe kansa, ko tozarta iyalinsa, ko salwantar da dukiyar marayu da ke hannunsa, hukuncinsa dabam ne, domin Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana kashe kai, Suratul Baƙara aya ta 195 kuma ta hana jefa kai cikin halaka.

Abin da ke cikin kowane gefe na mizani

Ba a yin awo da jahilci, don haka wajibi ne a san magungunan da illolinsu. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne litiyam, wani gishiri ne na ma'adini wanda likita John Cade na ƙasar Ostareliya ya bayyana amfaninsa a 1949, Amurka kuma ta yarda da shi a 1970. Amfaninsa babba ne, domin yana rage dawowar ciwon, kuma bincike mai yawa ya nuna yana rage haɗarin kashe kai. Illolinsa na yau da kullum su ne rawar hannu kaɗan, ƙishirwa, yawan fitsari, da ƙarin nauyi. Idan an daɗe ana sha yana iya raunana ƙoda, ko halittar nan ta wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai: yawanci ana son ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.0 a ma'aunin jini, idan ya haura 1.5 an shiga haɗari. Shi ya sa ake auna jini kowane mako a farko, daga baya kowane wata 3 zuwa 6, a kuma duba ƙoda da wuya sau biyu a shekara. Ƙarancin ruwa a jiki, da zawo, da magungunan ciwon jiki irin su ibuforofen da dikulofenak da ake saye a kyamis ba takardar likita, da wasu magungunan hawan jini, duk suna iya tara shi a jini. Alamun ya yi yawa su ne amai, zawo, makyarkyata mai ƙarfi, tangaɗi, sarƙewar harshe da ruɗewa. Wanda ya ga haka ya dakata da sha ya nufi asibiti nan take.

Na biyu shi ne balfurowet, wanda ake sayarwa da suna Epilim, asalinsa maganin farfaɗiya ne. Yana kawo ƙiba, zubewar gashi da rawar hannu, yana kuma bukatar a riƙa duba hanta. Babbar illarsa tana kan ɗan tayi. A cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha shi da ciki, kimanin 10 ana haifarsu da tawaya a halitta, kamar buɗewar ƙashin baya, alhali a sauran jama'a 2 ne zuwa 3. Tsakanin 30 da 40 kuma sukan sami jinkiri wajen magana ko koyo. Sabo da haka ne hukumomin magani na Turai suka hana ba mai ciki shi don wannan ciwo a shekarar 2018, suka kuma tsananta sharuɗɗan ba duk macen da ke iya ɗaukar ciki.

Akwai kuma kabamazefin, mai suna Tegretol, wanda ke kawo jiri da ƙuraje, yana kuma rage ƙarfin wasu magunguna, har da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Akwai lamotirijin, mai suna Lamictal, wanda ya fi amfani wajen hana dawowar ɓangaren ƙunci, ba ya cika kawo ƙiba, amma dole a fara shi kaɗan-kaɗan domin a wasu mutane ƙalilan yakan jawo ƙuraje masu saɓule fata da ke iya kisa. Sa'an nan akwai irin su olanzafin da kwetiyafin, masu nauyin barci da buɗe ciki, waɗanda ke iya kai mutum ga ƙiba da ciwon sukari idan ba a kula ba.

Wannan shi ne gefe guda. A ɗaya gefen kuwa akwai abubuwa biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka ce Shari'a ta zo ne don tsare su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Ciwon nan idan aka bar shi yana iya taɓa dukkan biyar ɗin. Yana hana mutum tashi salla don tsananin kasala, yana barazana ga ransa, yana gusar da hankalinsa, yana raba aure, yana cinye jari a mako guda. Idan aka gwada rawar hannu da ƙishirwa da waɗannan, rinjaye a bayyane yake. Amma idan mace ce mai neman haihuwa aka ba balfurowet, to tsaron zuriya ya shigo cikin mizani da nauyinsa, kuma ya wajaba ita da mijinta su koma ga likita tun kafin ciki ya shiga domin a sauya mata wani. Idan kuma cikin ya riga ya shiga, ta gaggauta zuwa asibiti, kada ta yanke magani da kanta. Kwanakin jego suna daga cikin lokutan da ciwon ya fi saurin dawowa, kuma wankan jego da kunun kanwa suna iya sauya adadin litiyam a jini sabo da gumi da gishiri, don haka lalle likita ya san da su.

Salla da azumi

Masu tsoron Allah sukan damu da cewa magani mai sa barci ko ya shiga hukuncin kayan maye. Ba haka ba ne. Abin maye shi ne wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi, kamar giya, ko kodin da taramol da matasa ke sha ba bisa ƙa'ida ba. Waɗannan magunguna kuwa aikinsu shi ne mayar da hankali mazauninsa. Wanda barci ya rinjaye shi har Asuba ta wuce ba da sakaci ba, hadisi ya nuna ya yi salla idan ya farka, ba laifi a kansa. Amma ya kamata ya gaya wa likita, domin sau da yawa akan matso da lokacin sha zuwa bayan Magariba ko Lisha, ko a rage adadi, matsalar ta kau.

Azumi shi ne wurin da ya fi bukatar lura. A shekarun 2023 da 2024 Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram kan haura digiri 40. Mai shan litiyam da ya wuni ba ruwa a irin wannan zafi yana iya cutar da ƙodarsa. Bugu da ƙari, rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ɓangaren zumuɗi, kuma raba dare tsakanin Asham da Tahajjudi da sahur yana rage barci ƙwarai. Suratul Baƙara aya ta 184 da 185 sun ba maras lafiya rangwame ya sha ya rama. Malaman Malikiyya sun ce shan azumi halal ne ga wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, wajibi ne kuma ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Wanda ba a sa ran zai iya ramawa ba, sai ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana, abin so a Malikiyya, wajibi a wurin wasu mazhabobin. Da yawa daga masu wannan ciwo suna iya yin azumi lafiya idan an tsara musu sha da dare, an kuma auna jininsu. Ɗibar jini kaɗan don gwaji ba ta karya azumi a mazhabar Maliku, tun da ƙaho ma bai karya ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: a ga likita tun watan Rajab ko Sha'aban. Babban kuskure shi ne mutum ya ajiye magani wata guda don ya yi azumi, ya kiyaye farilla ɗaya ta hanyar da za ta iya hana shi dukkan farillai.

Wane ne ke riƙe da mizani

Suratun Nahli aya ta 43 ta yi umarni da tambayar ma'abota sani. A sha'anin magani, ma'abocin sani shi ne likitan da ya ƙware, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Amma likita ba ya iya awo shi kaɗai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rawar hannun da ba ta dami manomi ba tana iya hana tela ko mai rubutun allo cin abinci. Wajibi ne maras lafiya ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, har abin da ake jin nauyin faɗa kamar raunin sha'awa, kuma wajibi ne likita ya saurara, ya bayyana illa tun kafin ya rubuta magani, ya duba ko maras lafiya na da halin biyan kuɗin gwajin jini. Ɓoye illa ga maras lafiya cin amana ne.

Abin da Shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne yanke magani farat ɗaya. Likitoci sun tabbatar cewa dakatar da litiyam kwatsam yana jawo dawowar ciwo da sauri, tare da ƙaruwar haɗarin kashe kai a watannin da ke biye. Idan za a bari, akan rage shi ne sannu a hankali cikin makonni ko watanni a ƙarƙashin kulawa. Jin sauƙi alama ce ta cewa magani na aiki, kamar yadda bushewar ɗaki da damina ke nuna jinka na nan daram, ba mai yaye ta don ya ga ƙasa a bushe.

Ruƙya ta Shari'a da addu'a da zikiri alheri ne, kuma suna tafiya tare da magani ba tare da saɓani ba. Amma malami ko mai maganin gargajiya da ya umarci maras lafiya ya zubar da ƙwayoyinsa, ko ya ba shi jiƙon da zai sa shi zawo alhali yana shan litiyam, ya tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya ɗora lamunin ɓarna a kan duk wanda ya shiga aikin likita ba da sani ba. Haka nan iyaye da maza da mata da ke gorin ƙiba ko yawan barci har maras lafiya ya ji kunya ya bar sha, suna da kaso a cikin abin da zai biyo baya. Aikinsu shi ne tunatarwa, da rakiya zuwa asibiti, da rufin asiri. Idan kuwa suka ji yana ambaton mutuwa ko ya gaji da rayuwa, kada su tsaya ga wa'azi kurum, su kai shi asibiti a ranar, kada kuma su bar shi shi kaɗai.

Shi kuma wanda Allah Ya jarraba, ya yi bushara. Hadisi ingantacce ya nuna cewa gajiya da ciwo da damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki mumini, Allah Yana kankare zunubai da su. Ƙishirwar magani da nauyinsa suna cikin wannan lissafi idan an yi haƙuri da niyyar tsare amanar hankali. Abin da ya aikata kuma lokacin da hankalinsa ya gushe, an ɗauke alƙalami a kansa, sai dai ya mayar da haƙƙin mutane na dukiya gwargwadon iko.

Allah Ya ba marasa lafiyar Musulmi sauƙi mai ɗorewa, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, Ya yi wa likitoci jagora zuwa ga daidai, Ya tsare wa al'umma addininta da hankalinta. Allah Shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.